Baba Jelani, Wanzamin da Ba Ya Tambayar Soja

Kafin in buɗe shagona na ɗinki, Baba Jelani ya riga ya share gindin dogonyaron da ke bakin layinmu a Runjin Sambo. Haka na taso na tarar, haka kuma aka yi ta yi har zuwa watan jiya. Zai shimfiɗa tabarma, ya rataye zabirarsa a wata ƙusa da ya kafa a jikin itacen tun ina yaro, ya jera ƙahonninsa cikin tasa, ya jiƙa sabulu, sannan ya zauna yana wasa aska ko da babu wanda ya zo. Ba ya karyawa sai ya yi wa mutum ɗaya aski. Idan hantsi ya yi ba a samu kowa ba, ni yake kira in bar keken ɗinki in zo in ba da kaina, ko da kuwa shekaranjiya aka aske shi. Kaina ya sha aska saboda yunwar dattijon nan, ban kuma taɓa jin haushi ba.

Wanzamin gado ne. Rabin mazan unguwar nan shi ya yi musu askin suna, shi ya yi musu kaciya, yana kuma iya tuna wanda ya yi jarumta da wanda ya cika gari da kuka, ya faɗa a gaban 'ya'yan mutum. Amma ba don wannan na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami ba. Sakkwato ba ta rasa wanzamai ba tukuna. Na rubuta wannan ne saboda sojoji, da abin da ya yi musu wanda mu duka muka kasa.

Abin ya faro ne tun shekarun da yaƙin Arewa maso Gabas ya soma dawo mana da mutane. Wata rana wani soja ya shiga shagon aski na zamani da ke tsallaken titi. Mai shagon ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya tsaya a bayansa, ya kunna kilifa daidai kunnensa. Kafin a ce kwabo madubi ya tarwatse, mai shago yana ƙasa, sojan yana shaƙe da shi. Da hankalinsa ya dawo sai ya saki, ya fito bakin titi da rabin kai a aske, ya zauna a ƙasa yana kuka. Mutane suka yi masa da'ira, ana cewa ƙwaya ce, wasu na cewa iska.

Baba Jelani ya tashi. Ya janye tabarmarsa daga gindin itace ya kai ta jikin katanga, ya je ya yi wa sojan sallama ta gaba, ya ce ya zo a ƙarasa masa. Ya zaunar da shi bayansa na jingine da bango, fuskarsa na kallon titi. Ya buɗe askar, ya ɗora ta a tafin hannu ya nuna masa, sannan ya tsuguna a gabansa. Duk inda zai taɓa sai ya faɗa tukuna: yanzu bisa kunnen dama, yanzu tsakar ka. Da aka zo ƙeya bai zagaya baya ba, cewa ya yi mutumin ya sunkuyo ya ɗora goshi a gwiwarsa. Askin da yake yi kafin shayi ya huce, ranar sai da rana ta take. Bai tambaye shi sunansa ba, balle inda ya fito.

Labari ya kai bariki. Tun daga nan kusan kullum sai ka ga keke ya sauke mutum cikin kayan gida, amma tafiyarsa da yadda yake duba rufin gidaje sun isa su gaya maka aikinsa. Gwiwoyin Baba Jelani a wannan tsuguno suka ƙare.

To, mu farar hula, a nan namu ya fito. Da zarar an ga soja a tabarma sai majalisa ta tashi ta dawo gindin dogonyaro, kowa ya tuna yana son inuwa. Mutum nawa ka kashe? Da gaske ne harsashi ba ya cin su? An ce suna ɓacewa ana kallonsu, haka ne? Kai wane asiri ka sha ka dawo? Ya gawar mutum take in bam ya tashi da shi? Wallahi na ji wanda ya yi wannan tambayar yana ɓare gyaɗa. Ba mugunta ba ce, na sani. Yaƙin nan yana cin 'ya'yanmu, ba mu kuwa ganin komai sai abin da rediyo da waya suka ga dama, dole rai ya so sani. Amma mutum ya fito daga wuta, kai kuma kana so ya koma ciki ya ɗauko maka labari ka ji daɗin hira. Sai ka ga soja ya yi 'yar dariya, ya ce aiki ne kawai.

Baba Jelani ya hana wannan a gindin itacensa. Bai iya faɗa ba, sai dai ya dubi mutum ya ce wanda ba aski ya kawo shi ba inuwa ta ƙare. In sojan ya tafi suka dawo suna lallashinsa ya ɗan gutsura musu abin da aka faɗa masa, amsarsa ɗaya ce. “Kai anka kawo mani in aske, ba ciki anka kawo mani in tona ba.” An yi fushi da shi, an ce tsoho ya zama ɗan sandan sojoji. Bai fasa ba.

Kai ne wanda ya gane, Baba, cewa wanda ya ga abin da ya fi ƙarfin baki ba ya buƙatar a buɗe masa baki. Bango yake buƙata, da mutum a gabansa wanda zai iya gani.

Akwai kuma tambayar da ba a majalisa ake yin ta ba. Ita ce ta sa na nemi izinin mata biyun da zan ambata, suka ce in rubuta.

Inna Kulu maƙwabciyarmu ce, gidanta na kallon shagona. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta na fari, Anas, Baba Jelani ne ya yi masa askin suna, shi kuma ya yi masa askin ƙarshe ranar da zai tafi horon soja. An kai shi Borno. Yakan kira ƙannensa, su kuma su faɗa da ƙarfi a tsakar gida cewa yana lafiya, don ta ji. Sai waya ta daina shiga. Bayan wani lokaci aka zo daga bariki aka ce an yi musu kwanton ɓauna, an ga wasu, ba a ga wasu ba, Anas yana cikin waɗanda ba a gani ba.

Kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye. Inna Kulu kuwa 'yar mutanen Wamakko ce, jinin Fulani, tata kunyar ta fi ta kowa. Tun da aka haifi Anas babu wanda ya taɓa jin sunan a bakinta, sai dai ta ce wancan. Da labarin ya zo ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin da muka lura da shi kawai, idan mata suka shigo suka ce Allah ya jiƙansa, sai ta tashi ta shiga ɗaki. Idan wasu suka ce Allah ya bayyana shi, nan ma ta tashi. Baiwar Allah ba ta san addu'ar da za ta ce wa amin ba. Ba a yi zaman makoki ba, ba a kuma yi shirin tarba ba. Haka ta zauna fiye da shekara tana ƙanjamewa, zani na neman zagaye ta sau biyu.

Rannan da hantsi wani mutum mai ɗingishi ya tsaya a shagona ya tambayi gidan su Anas. Ya ce sunansa Kofur Isaac, mutumin Filato ne, Kirista, tare suke da Anas a can. Ya daɗe a asibiti da harbi a cinya, yanzu an dawo da shi barikin Sakkwato ya warke. Na raka shi zaure, na aika ciki. Kafin Inna Kulu ta iso bayan ƙofa, 'yan majalisa sun cika ƙofar gida, tambayoyin nan dai da kuka sani. Game da Anas abin da ya ce musu kawai, abin da aka gaya muku shi ne.

Ta zo ta tsaya bayan asabari, suka gaisa. Na ga Isaac ya gyara zama, yana jiran tambaya. Sai ta tambaye shi ko can ƙasar ana samun ruwan sama. Ya ce ana samu. Ta ce ko suna noman gero. Ya ce suna yi, inda aka bar su suka yi. Ta ce to su da ke daji, ana kai musu hura? Ya ce a'a, Mama. Ya jira, ya jira, ba ta kama sunan kowa ba. Ya miƙe ya yi sallama ya tafi.

Mu da ke wurin mun san abin da take tambaya, muka ɗauka shi ma ya sani. Shi kuwa, kamar yadda ya faɗa daga baya, a garinsu in abokin ɗa ya dawo shi kaɗai uwa kan faɗo masa a jiki ne tana kiran sunan ɗanta. Da ya ji ana zancen gero sai ya ɗauka ta yafe yaron ne tun da ya shiga soja, ba ta son jin komai. Kowa ya koma da abin da ya zo da shi.

Ciwon kai ne ya dawo da shi layinmu. Abokan aikinsa suka ce ya gwada ƙahon tsohon Runjin Sambo. Ya zama ɗan gida a gindin dogonyaro. Baba Jelani bai iya sunan ba, Isiyaku yake ce masa. Yana kafa masa ƙaho a ƙeya, goshinsa a kan gwiwa kamar sauran, ya zuƙe, ya tsaga, ya zubar da mataccen jinin cikin rami ya rufe da ƙasa. Watanni ana haka. Gidan su Anas na nan a gaban idonsu, Baba ya san yaron ya san wani abu, shi kansa kuma Anas ɗa ne a wurinsa. Na taɓa ce masa, haba Baba, ko wannan ɗaya ka tambaya mana. Ya ce ranar da ya tambayi mutum ɗaya, ranar tabarmarsa ta zama majalisa, babu wanda zai ƙara sunkuyar masa da kai.

Isaac ne ya fara tambaya. Wata safiya an gama ƙaho yana ɗaure takalmi, sai ya ce, Baba, ku in mutum ya mutu ta wane gefe kuke kwantar da shi? Baba ya gaya masa: bisa hannun dama, fuska na duban gabas. Isaac ya ce to. Ya tashi ya manta hularsa a tabarma. Sai bayan mako biyu ya dawo, ya rame. Ranar ya tambaya ko uwar Anas ba ta son ɗanta ne.

Baba ya ajiye askar. Na tsayar da keke don in ji. “Isiyaku,” ya ce, “duk ruwa da gero da hura da tat tambaye ka, shi ta ka tambaya. Ɗan hwari na. Ko za a yanka ta ba ta kama sunanai. Amma ni ka shiga gidan ga in yi mata ƙaho, na san abin da ka cin ta.” Isaac ya dafe kai.

Shi wanzamin gida yana shiga inda sauran maza ba sa shiga. Da Baba ya shiga yi wa Inna Kulu ƙaho a makon, ta tambaye shi ko baƙon nan na rannan yana zuwa wurinsa. Ya ce yana zuwa. Ta ce to. Iyakar abin da ta iya ke nan, ya kuma ishe shi.

Ga dabarar da ya yi. Ya ce wa Isaac ran Asabar ba gindin itace zai yi aiki ba, zauren gidan su Anas zai shimfiɗa. In ya zo, ƙaho za a yi masa kamar kullum. In ya yi magana, da wanzaminsa yake yi, ba da kowa ba. In bai yi ba, a wanke ƙaho a watse. Ya kuma aika wa Inna Kulu cewa zai ari zaurenta, in tana da tsintar shinkafa, bayan asabari akwai iska. Ni ya ce in zo in riƙe tasa, don ana buƙatar namiji na biyu da zai ji da kunnensa. Ta haka ba ta tambaya ba, ba a kuma ba ta amsa ba, kunyarta na nan, shi ma ba sai ya dubi idonta ba.

Ban zaci zai zo ba, amma ya zo. Zauren ƙarami ne, Baba kuma ya shimfiɗa tabarmar yadda dole bayan mai zama ya kasance ga ƙofar cikin gida. Isaac ya tsaya yana kallon wurin, gumi na tsattsafo masa. A iya sanina tun dawowarsa bai taɓa ba ƙofa baya ba, ko a coci matarsa ta ce jikin bango yake zama. Baba bai lallashe shi ba, ya ci gaba da jera ƙahonni. Can Isaac ya zauna, ya sunkuya ya ɗora goshi. Muna jin motsin faifai a bayan asabari.

Sai da aka kafa ƙaho na biyu ya fara, murya ƙasa-ƙasa, yana yi wa gwiwar Baba magana. Ya ce da aka buɗe musu wuta kowa ya watse cikin daji. Shi an same shi a cinya, Anas a ciki. Suka ja juna har wani kwari da ruwa ya ƙafe, suka ɓuya ƙarƙashin gaɓa. Ya ce Anas bai yi ta ihu ba. Hira ya yi ta yi masa, yana ba shi labarin layinmu, da babur ɗin da zai saya in ya dawo, da wani wanzami da ke faɗa wa kowa cewa ya yi kuka ranar kaciya alhali ƙarya ne. Hannun Baba ya tsaya a nan, sannan ya ci gaba. Da rana ta karkata Anas ya ce masa in ya ga bakinsa ya tsaya da kalmar shahada ya tuna masa. Isaac bai iya ta ba. Sai ya riƙa girgiza kafaɗarsa yana cewa, Anas, faɗi abin nan naku. Shi kuma ya faɗa. Haka suka yi ta yi har bai ƙara amsawa ba.

An ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi. Sai Isaac ya ƙarasa. Ya ce da wuƙar bindiga da hular kwano ya haƙa rami a gaɓar, yana jan ƙafa. Shi Isaac wasu makiyaya ne suka tsince shi daga baya. Ya faɗa wa na gaba da shi cewa Anas ya mutu, amma wurin ba ya shiguwa, shi kansa ba zai iya nuna shi ba, maganar ta tsaya a ba a gan shi ba.

“Baba, ban wanke shi ba. Da kakinsa na sa shi, da jininsa, da takalminsa. Ban iya sallarku ba, addu'armu na yi masa. Kuma rigingine na kwantar da shi, fuskarsa na kallon sama, yadda muke yi. Rannan ka ce gabas. Na ɓata masa kwanciya, Baba. Da wane baki zan gaya wa uwarsa?”

Baba ya cire ƙahon, ya juye a tasar da ke hannuna, ya goge masa ƙeya a hankali. “Ni ba malami na ba, Isiyaku, wanzami na. Amma abin da munka tashi munka ji, wanda yah hwaɗi wurin yaƙi, da kayan jikinai da jininai aka ruhe shi. Wannan ba ka ɓata ba. Zancen gabas kuwa ba ka sani ba. Ka gina da hannunka, ka hana angulu. Wanda yay yi gabas ya san inda bawanai yake.”

Faifan da ke bayan asabari ya daɗe da yin shiru. Na ɗauka an gama. Sai muka ji muryarta, ba da Isaac take ba.

“Wanzam, tambai mani shi. Rannan, ya samu ya ci wani abu?”

Isaac ya ɗago ya dubi Baba. Na san abin da idonsa ke nema, izinin ya yi ƙarya. Baba ya ci gaba da wanke ƙahonsa, bai dube shi ba.

“Bai ci ba, Mama. Kwana biyu abinci bai iso mu ba. Amma ya sha ruwa. Ni na ba shi da hannuna.”

Mun ji ta tashi, mun ji ƙarar ludayi. Sai wani hannu ya turo ƙwaryar hura ta ƙarƙashin asabari har ta taɓa bayan Isaac. Ya ce ba zai iya ba. Baba ya ce ba a mayar wa uwa da ƙwarya cike. Isaac ya ɗauka ya sha, hawaye na zuba ciki. Ni kuma da na ga babu wanda zai faɗa, na ce Allah ya jiƙan Anas. Daga bayan asabari aka ce amin.

An yi zaman makoki a makon. Liman ya ji bayanin, ya ce wanda ya yi iyakar saninsa babu laifi a kansa. Isaac ya zauna cikin 'yan karɓar gaisuwa, Baba Jelani na gefensa, babu wanda ya yi gigin tambayarsa ko mutum nawa ya kashe.

Da a nan labarin ya tsaya da na ji daɗin rubuta shi. Ƙafar Isaac ta warke, aka mayar da shi bakin daga. Ya zo aka yi masa aski, ya leƙa ya yi wa Inna Kulu sallama ta bayan asabari, ya tafi. Bayan daminar da ta wuce wayarsa ta daina shiga. Aka je aka gaya wa matarsa Tabita, malamar firamare ce, cewa ba a gan shi ba. Ita babu al'adar da ta ɗaure mata baki. Tana kama sunansa, tana tambaya da ƙarfi, ta tambayi duk wanda ya dawo, ta zo gindin dogonyaro ta tambayi masu zaman tabarma ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya sani. Inna Kulu, wadda sai ta shekara ba ta taka titi ba, ta hau keke ta je ta wuni a ɗakinta. Ban san abin da suka ce wa juna ba. Har yau da nake rubutun nan babu labari, ban kuma ga alamar za a samu ba. Wanda ya rufe ɗan wani, ba mu san ko ya samu mai rufe shi ba.

A kan wannan ne Baba Jelani ya yi tambayarsa ta farko game da yaƙi, ba kuma soja ya tambaya ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya je wurin faston su Tabita, ya ce a koya masa yadda suke kwantar da nasu, da abin da wanda ba Kirista ba zai iya faɗa a kan ramin. Tun daga ranar, duk sojan da ya zo askin tafiya, in an gama sai ya riƙe shi kaɗan. Kirista ya koya masa na Musulmi, har da kalmar da zai tuna wa abokinsa. Musulmi ya koya masa na Kirista. Wannan shi ne guzurin da ya rage muna ba 'ya'yanmu, kuma wanzami ne ma ya tuna a ba su. In na tuna haka sai abinci ya fita raina.

Watan jiya hannunsa ya yi rawa ya yanki kunnen wani. 'Yar tsaga ce, mutumin dariya ma ya yi. Baba ya goge askar, ya naɗe ta, ya sa a zabira, ya ce shi ke nan. Wanda ya saba cewa ga inda zan taɓa, in hannu ya fara zuwa inda bai faɗa ba, aiki ya ƙare. 'Ya'yansa babu wanda ya gaji sana'ar, ɗaya na jan keke, ɗaya na kasuwa. Motoci kuwa ba su daina ɗiban samari ba, yanzu ba Borno kaɗai ba, har dazuzzukan da ke bayan gidanmu.

Baba Jelani, na gode maka a madadin layinmu. Kai ne ka tsuguna a gaban waɗanda muka yi wa da'ira. Kai ne ka ji tambayar uwa a cikin zancen gero. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, naka ya ɗauki abin da bariki guda ta kasa ajiyewa a gida, ba ka taɓa sayar da ko kalma ɗaya don daɗin hira ba. Allah ya saka maka, ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Ku kuma masu karatu, ba sai kun iya aska ba. In naku ya dawo, ku ba shi wurin da zai jingina, ku zauna inda zai gan ku, ku riƙe tambayarku. In zai faɗa, zai faɗa. Ku kuma je ku tambayi maƙwabcinku yadda suke rufe nasu, tun ba a zo ranar da babu mai tambaya ba.

Har yanzu yana fitowa. Yana share gindin itacen, ya rataye zabirar da ba ya buɗewa, ya shimfiɗa tabarma a jikin katanga. Sojoji na zuwa da gashinsu, su jingina da bango, su zauna a gabansa, su tashi da gashinsu. Jiya wani sabon shiga ya zo yi masa sallama, ɗan layin bayanmu, kakinsa ma ni na rage masa tsawon wando. Baba ya zaunar da shi ya koya masa. Yaron ya yi dariya, ya ce Baba ai dukanmu za mu dawo.

“Allah shi sa,” in ji Baba. “Maimaita mani dai in ji.”

Yaron ya daina dariya, ya maimaita.